Farantin Bayan Na'ura

Yamai, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Mani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan azumi ya zo muku da sauƙi. Yaya ƙafar taka? Inna ta ce har yanzu kana ɗingishi, amma ka ƙi zuwa likita a Tibiri. Ni lafiya lau nake, sai zafin Yamai da ba a cewa komai.

Na san ba ka son dogon zance a waya, kullum cewa kake magana in ta hau iska kowa na iya tsinta. Shi ya sa na ba Sharif direba wannan takarda, tunda motarsa tana bi ta Tudun Baushe sau biyu a sati.

Tun watan jiya lakwal, makarantarmu, ta tura ni sitaj, wato koyon aiki, a hukumar da ke sa ido kan kayan sadarwa. Aikin sashenmu shi ne duba duk na'urar da ke aika magana ta iska, waya ce ko ta gidan rediyo. Ana auna ta, in ta cika sharuɗɗa a ba ta lambar izini. Lambar nan, da tambarin masu ƙira, da ƙarfin na'urar, duk suna kan wani ɗan faranti a bayanta. A kan waɗannan tambura zan rubuta kundin gama karatuna, kuma malamina ya ce in kawo misali daga ƙauye.

Nan take na tuna da rediyonmu. Wace na'ura ce ta fi wadda Yaya Usman ya sayo daga Lome da karo-karon samarin garinmu? Don Allah, Kawu, tunda kai ne shugaban gidan rediyon, ka sa Balki mai shirin mata ta ɗauki hoton farantin ta turo mini. Ta matso kusa yadda lambobin za su fito.

Ka gai da Inna da Amira matar Yaya. A ce mata ta rage zuwa famfo da cikin nan.

Ɗiyarka,
Shamsiyya


Tudun Baushe, 4 ga Mayu

Shamsiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, an yi Salla lahiya. Ƙafa da sauƙi. Uwarki da Amira suna gaishe ki.

An rufe rediyo.

Kwana huɗu kafin Salla wata farar mota ta tsaya bakin tsamiya da hantsi. Mutum uku suka fito, ɗaya yana riƙe da akwati mai ƴar eriya. Balki tana tsakiyar karanta cigiyar wata saniya. Sun yi sallama da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba. Babbansu ya juya na'urar, ya karanta farantin, ya dubi akwatinsa, ya sake karanta farantin. Ya ce mini, "Malam, abin da aka rubuta nan daban, abin da na'urar ke yi daban. Faranti ya ce wat ɗari, ita kuwa tana fitar da ninki uku, kuma muryarku tana zuba cikin gonar wasu." Na ce ni manomi ne, ban san wat ba. Ya ce ba laifi, za su tahi da ita a duba. Suka ɗaure ta da waya, suka matse da dalma, suka ba ni takarda na sa hannu.

Salla ta zo gari tsit. Gaisuwar ƴan ci-rani da muka tara tun tsakiyar azumi tana nan cikin kwali ba a karanta ba. Ga damina tana matsowa. Wa zai gaya wa mutane ranar da masu duba yanayi suka ce a yi shuka? Wa zai yi shelar burtali kafin shanu su shiga gonaki? Kin san rikicin da aka yi tsakanin manoma da makiyaya shekarar da ba mu da rediyo.

Yanzu ina da tambaya, kuma ki amsa mini a takarda, kada ki kira. Shekara biyu muna aiki, ba wanda ya taɓa leƙo mu daga Yamai. Kika nemi hoto, Balki ta tura. Kwana goma sha tara tsakani, na ƙirga, sai ga mota daga ma'aikatar da kike. Ruwa ba ya tsami banza. Mi kika yi da hoton nan? Hannun wa ya shiga? In an yi miki alkawarin aiki ne in kin kawo musu nama, ki gaya mini, in san inda na tsaya. A majalisa an fara cewa ɗiyar gidanmu ta yi boko ta sayar da garinsu. Na ce su yi shiru, amma bakina bai da ƙarfi, don ni ma ban sani ba.

Kawunki,
Mani


Yamai, 9 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Na gode Allah da ƙafar ta yi sauƙi. Ni ma lafiya, sai dai takardarka ta hana ni cin abinci ranar da ta iso.

Wallahi hoton nan bai bar wayata ba. Ban san an je garinmu ba sai da na ga na'urar a ɗakin ajiya da sunan Tudun Baushe a jikinta. Na tafi wurin shugaban sashenmu na ce masa ta kawuna ce, ya cire hannuna daga aikinta, ya kuma nuna mini littafin ƙorafi. Jandarmomi ne suka kawo ƙara tun watan Fabrairu, ban ma fara sitaj ba. Suna sintiri a hanyar iyaka sai su ji muryar Balki cikin rediyon motarsu tana cigiyar jaki, har maganar ofishinsu ba ta shiga. Wannan ne ya kawo mota, ba ni ba. Ka karanta wa ƴan majalisa wannan, in ka ga dama.

Amma abin da ya fi damuna ba zarginka ba ne. Kawu, tambarin nan ba ado ba ne. Mai ƙira ne yake cewa na auna kayana, ba za su shiga hurumin kowa ba. Na'urar da ke ɗauke da shi da gaskiya ba ta yin abin da tamu ta yi. A nan ina ganin cajoji da wayoyi da aka kama, an manna musu tambarin da aka buga a bayan kasuwa. Har faranti ana ƙerawa. Wanda ya san hanya yana iya sa wa jaki sirdin doki.

Na zauna na lissafa hannun da suka taɓa na'urar nan. Ba su da yawa. Na san wanda ya yi wannan aiki, Kawu, kuma jininmu ne. Ba zan rubuta sunansa ba, kai ma ka san shi. Ina ba shi dama ya faɗa da bakinsa kafin a faɗa masa.

Ɗiyarka,
Shamsiyya


Yamai, 30 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya kuwa? Sati uku ke nan ba amsa. Sharif ya rantse hannu da hannu ya ba ka takardata. Ya ce a tsaye ka karanta ta bakin mota, ka shige gida ko sallama ba ka yi masa ba. Inna kuma ta ce ka daina fita majalisa, daga masallaci sai gida. Na kira sau huɗu ba ka ɗauka ba.

In har yanzu fushin hoton ne, na faɗi iyakar gaskiyata. In kuwa abin da na ce game da Yaya Usman ne ya yi maka nauyi, ni ya fi yi wa. Ciki ɗaya muka fito. Amma shi kaɗai ya je shagon, shi kaɗai ya ga mai sayarwa, a kwali ya kawo ta aka yi guɗa. Na tura masa saƙo na ce ya ji tsoron Allah ya faɗa wa mutane abin da ya sayo musu. Tun ranar yake kirana, ban ɗauka ba. Na san bakinsa, in na saurare shi zai juya ni.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Shamsiyya


Tudun Baushe, 3 ga Yuni

Ɗiyata Shamsiyya,

Na samu takardunki duka biyu. Ki yi haƙuri, masassara ce ta kwantar da ni, amma yanzu na tashi. Uwarki lahiya. Amira ta shiga watanta. An yi yayyafi shekaranjiya, wasu suka yi gaggawar shuka, ga shi rana ta dawo. Da rediyo na nan da an ce musu su dakata.

Maganar hoto ta wuce, na yarda da ke, Allah ya yafe mana. Takardarki ta farko ce ban gane ba sosai. Ashe Usman kike nufi.

To, zancen ya riga ya fita, ban san ta ina ba. Kwamitin rediyo ya zauna ranar Lahadi. Samarin da suka yi karo-karo sun zo da zafi, musamman ƴan kasuwar Dogon Dutsi. Suka ce amana ce aka ci, a rubuta ƙara a kai jandarma, ranar da Usman ya sauko daga mota a kama shi. Aka juyo gare ni, tunda ni ne shugaba kuma kawunsa. Na ce a dakata har bayan Babbar Salla. Ni ban ce shi ne ba. Ban kuma ce ba shi ne ba. Kasuwar Lome teku ce, mai yiwuwa shi ma cutarsa aka yi. Ki sassauta masa.

Akwai abin da nake son sani. Na'urar nan, dole ne sai an buɗe cikinta? Tunda sun auna sun ga ba ta yi ba, mi ya rage? Ina ganin tone-tone ba zai ƙara mana komai ba sai kunya. In kina da fuska wurin shugabanku, ki roƙe shi a bar ta yadda take, ko a jefar, mu nemi wata. Rufin asirin gida ya fi. Ki gaya mini ranar da suka sa, in sun sa.

Kawunki,
Mani


Lome, 10 ga Yuni

Shamsiyya,

Ina gaishe ki, ko da ke kin daina amsa tawa. Ina lafiya. Tunda kin toshe wayarki, na ba wani direban tirela wannan ya ajiye miki a tasha. Takarda dai ba a katse ta.

Na karanta saƙonki ya fi sau goma. "Ka ji tsoron Allah." Ni kike gaya wa haka, ba ki ko tambaye ni ba? Jiya Amira ta kira ni tana kuka. A famfo wata ta ce mata abin da ke cikinta da kuɗin rediyo aka yi masa kaya. Mace tana kan gwiwa yau ko gobe, wannan take ji. Mubarak abokina kuma ya ce kada in zo Salla, ana jirana da jandarma. Ɗana na fari za a haifa, a ce ba zan taka garinmu ba?

Ki saurara. Ban sayi na'urar nan a bakin titi ba. Sati uku na yi ina yawo kafin na sami wakilin masu ƙira, don na san kayan jama'a ne. Ga kwafin takardar shaidarsu na haɗo, ga ta kwastan, ga ta izinin da aka karɓo a ma'aikatar da kike yanzu. Ki ɗauki lambar ki duba a littafinku. Ke ce mai ilimin, ba sai na koya miki ba.

Ga kuma hoton da na ɗauka a shagon ranar da aka rufe kwalin. Ki duba kusurwoyi huɗu na murfin. Kowane noti an ɗiga masa jan fenti. Mutumin ya ce mini muddin fentin nan yana nan, ba wanda ya buɗe ta bayan su. Da shi na kai ta Tudun Baushe, a gaban Kawu da kwamiti na nuna. Ki je ki duba notunan da idonki kafin ki sake kirana ɓarawo.

Kuma ki tambayi kanki wani abu, tunda tambayar kai kika iya. Shekara ɗaya da rabi tana aiki ba wanda ya yi ƙorafi. Na'urar jabu tana jiran shekara ɗaya da rabi kafin ta fara hauka?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Kawu. Na kira shi ya fi a ƙirga. Sau ɗaya ya ɗauka, ya ce in yi haƙuri, komai mai wucewa ne, ya kashe.

Yayanki,
Usman


Yamai, 20 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji Amira ta sauka lafiya, namiji. Allah ya raya. Na ji kuma an yi suna uban yaro ba ya nan.

An buɗe na'urar ranar Alhamis. Ban roƙi kowa a bar ta ba, kuma ko na roƙa ba za a bari ba. Na dai nemi izinin tsayawa gefe in kalla.

Lambar farantin ta gaskiya ce. Tana cikin littafinmu, ta dace da takardun da Yaya Usman ya aiko mini. Farantin ba a taɓa cire shi ba. Amma notunan murfi babu jan fenti ko ɗigo, kawunansu duk sun cinye, kamar an kwance su da wuƙa. Da aka ɗaga murfin, bangon ciki baƙi ƙirin da hayaƙi. Injiniyan ya shafa da yatsa ya ce, "Wannan tsawa ce." Allon da ke ba da ƙarfi an cire na asali, an sa wani marar suna, marar lamba, marar matacin da ke hana murya fantsama. Bai ma zauna daidai ba, sai da aka tokare shi da katin waya na Najeriya da aka ninke huɗu. Yaya Usman bai taɓa bi da na'urar nan ta Najeriya ba.

Da na fito na kira Balki. Na ce mata rediyo ya taɓa tsayawa? Ta ce sau ɗaya, daminar bara, kwana tara a watan Agusta. Ta ce ka gaya musu batura ne suka mutu, ka karɓe makullin ɗakin daga hannunta. Ta ce a kwanakin ne ka tafi ta'aziyya hayin iyaka da buhu ɗaure a bayan babur, ba wanda ya san wa ya rasu. Ta ce da aka dawo aiki har daga Matankari aka riƙa kira ana cewa yanzu ana jin ku tangaram, kai kuma ka ce albarkar sabbin batura ce.

Na dawo ɗaki na ɗauko takardunka na sake karantawa. "Ashe Usman kike nufi." To wa ka zaci nake nufi, Kawu, har ya kwantar da kai sati uku?

Kai ka kai ni lakwal a kan kekenka lokacin da Baba ya rasu. Kai ka tsaya gaban masu cewa a cire ni. Amma ni na fara jefa wa ɗan'uwana dutse, kai kuma kana kallo, ka san bai yi ba, ka ce in sassauta masa.

Ranar talatin ga wata za a sa hannu a rahoton. Zai ce na'urar ta shigo ƙasa da gaskiyarta, daga baya aka buɗe ta aka canza cikinta. Babu sunan kowa a ciki, ba aikinmu ba ne. Za a aika wa kwamitinku, ni kuma zan tura wa Yaya Usman kwafi. Kwana goma ke nan. Ina roƙonka kada ka bari takarda ta riga ka.

Ɗiyarka, har yanzu,
Shamsiyya


Tudun Baushe, 27 ga Yuni

Shamsiyya,

Na gaishe ki. Jiki lahiya. Jariri lahiya, uwarsa lahiya. An yi ruwa mai kyau ranar Laraba, kowa ya shuka.

Ni ne.

Ranar da abin ya faru hadari ya taso da la'asar. Usman ya gargaɗe ni tun farko, in na ga walƙiya in kashe, in zare wayar eriya. Ina tsakiyar sanarwar rigakafin dabbobi, saura sunan ƙauye uku, na ce bari in ƙarasa. Ban ƙarasa ba. Ƙara ɗaya na ji, sai wari, sai hayaƙi yana fita ta bayan na'ura. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa yana ɗaki, ba wanda ya gani.

Kin san rigimar da aka yi kafin a kafa ƙarfen eriya kusa da tsamiyar nan. Tsofaffi suka ce gidan aljana doguwa ne, ba za ta yarda ba. Samari masu wa'azi suka ce a sare itacen ma gaba ɗaya. Ni na shiga tsakani, na ce ba za a sare ba, ba kuma za a fasa ba, in wani abu ya faru a kaina. In na ce aradu ta faɗa wa rediyo, washegari waɗannan za su zo tumɓuke ƙarfe, waɗancan su zo da gatari. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Amma tun da na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Kunya na ji. Na ji tsoron a ce yaro ya kawo abu daga bakin teku lahiya, tsoho ya ƙone shi da taurin kai.

Na kai ta wurin wani mai gyara a hayi. Ya ce zai sa mata abin da ya fi na da. Na ce faranti fa? Ya ce faranti yana nan, wa zai leƙa ciki? Da aka fara jin mu har Matankari, har daɗi na ji, Allah ya gani.

Da takardarki ta zo kina cewa jininmu ne, na ce shi ke nan, yarinyar nan ta gano ni. Sati uku ina jiran a zo. Da kika ambaci Usman, wani abu ya sauka daga ƙirjina, kuma wannan sauƙin da na ji shi ne abin da ba zan yafe wa kaina ba. Na ce in ja lokaci har Salla, wataƙila ƙura ta lafa. Ranar suna ni na raɗa wa yaron suna a madadin ubansa, mutane suna yaba mini.

Ranar Juma'a bayan an sallame na roƙi liman ya ba ni lasifika. Na faɗi duka, da tsawar, da buhun, da ta'aziyyar ƙarya. Na ce Usman ya kawo muku kaya na gaskiya, ni na ɓata. Wani saurayi daga baya ya ce, "Da ka bari an kama shi ke nan?" Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ce ban sani ba. Wani tsoho ya ce ai dama sun faɗa, doguwa ba a yi mata shisshigi. Aka fara hayaniya, mai gari ya ce zancen tsamiya sai bayan girbi.

Na ba Balki makulli, kwamiti ya naɗa ta riƙo. An yaga takardar ƙarar. Na je gidan uwarki, ta amsa sallamata daga cikin ɗaki, ba ta fito ba. Amira ta kawo mini ruwa ta ajiye, ta koma ciki. In ma'aikatarku tana da hukunci a kaina, ki gaya musu ina gida.

Na rubuta wa Usman, ga ta nan a ninke. Ban san hanyar Lome ba, ki tura masa. Kada ki gyara komai.

Kawunki,
Mani


Lome, 2 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da mai jego da yaro. Ni lafiya.

Shamsiyya ta ɗauki takardarka hoto ta turo mini. Kafin ita ma, mutum uku sun turo mini muryarka ta masallaci. Ita mun yi magana, ta yi kuka, na yi mata faɗa, mun gama.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ranar da na sayi na'urar, wakilin ya tambaye ni ko ƙasarmu ana tsawa. Na ce sosai. Ya ce to allon ƙarfi shi ke fara ƙonewa, in sayi na ajiya. Na saya daga aljihuna, na asali, da lambarsa da tambarinsa. Ban bar shi a gari ba don kada zafi da gara su lalata shi. Yana kan kanta a shagona cikin ledarsa tun ranar. Kira ɗaya, Kawu. Da cikin kwana huɗu ya iso, da ba wanda ya ji.

Zan taho da shi. Shamsiyya ta ce in biya ta Yamai in miƙa, injiniyoyinsu su sa su sake aunawa, amma kada mu sa rai da izini kafin tsakiyar damina, kuma wataƙila a kira ka ka yi bayani. In an kira ka, zan raka ka.

Ina isowa jajibirin Salla a motar Sharif. Kada ka zo tarba. Zan fara ganin ɗana, in gai da Inna, sannan in zo gidanka in durƙusa in gaishe ka yadda aka koya mini. A takardarka ka nemi in yafe maka. Ban ce a'a ba. Amma kada ka tambaye ni a ranar.

Ɗanka,
Usman